Ƙugiya da Awara: Doguwar Tafiyar Haruffan Hausa Zuwa Rumbun Masu Zane

Duk wanda ya saba karanta Hausa a intanet ya san wannan cuta, ko da bai san sunanta ba. Za a ga kanun labari an rubuta shi da haruffa masu kauri, sun jeru daidai wa daida kamar sahun salla, sai kwatsam wata ƙ ta fito siririya a tsakiyarsu, ta saɓa da 'yan'uwanta a tsawo da jiki. A wani wurin ma harafin ba ya fitowa sam, sai wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu ya tsaya a gurbinsa. Masu sana'ar haruffa suna kiran wannan akwati tofu, sunan wani abincin waken suya na gabashin Asiya, wanda a ƙasar Hausa aka sani da awara.

Mai zanen da awara ta ɓata wa aiki sau biyu ko uku yakan yanke shawara mai sauƙi, ya cire ƙugiyar gaba ɗaya. Daga nan ƙasa ta koma kasa, baƙi su koma baki, faɗa ya koma fada, ɓari ya koma bari. Wanda ya tashi da harshen yakan gano ma'ana daga yanayin zance. Amma fastar asibiti da ke gargaɗin mata masu juna biyu, ko littafin karatun 'yan aji ɗaya, ba wuraren da ya dace a bar mai karatu da kintace ba ne.

A yau mai tsara katin biki a Kano, ko mai gina shafin intanet a Maraɗi, yana da dubban nau'o'in haruffa a gabansa, kyauta, a Google Fonts da Canva da Figma. Wasu suna da haruffa masu ƙugiya, da yawa ba su da su. Dalilin wannan bambanci yana cikin tarihi. A cikin shekaru ɗari da suka wuce, rubutun boko ya zauna a gidaje huɗu: dalma, tafireta, kwamfuta, da intanet. A kowace ƙaura sai an manta da ɓ da ɗ da ƙ a tsohon gida, sai wani ya koma ya ɗauko su da kuɗinsa ko da guminsa.

Lokacin da harafi ke da nauyi

Kalmar da Turawa ke kiran jerin haruffa masu fasali ɗaya, wato font, ta samo asali ne daga kalmar Faransanci mai ma'anar narkarwa. Idan aka kira shi zubin haruffa da Hausa, an faɗi ainihin abin da ake yi. Tun daga aikin Johannes Gutenberg a birnin Mainz na Jamus, wajen shekarar 1450, hanyar ɗaya ce: a sassaƙa harafi a bakin sandar ƙarfe, a buga shi cikin tagulla ya bar gurbi, sannan a zuba narkakkiyar dalma gauraye da kuza a cikin gurbin. Kowane harafi da nasa gurbin, kowane girma kuma da nasa jerin. Maɗaba'ar da ke son harafi ɗaya a girma biyar, sai ta sayi zubi biyar, ta tanadi akwatunan ajiye su.

Injin Linotype, wanda Ottmar Mergenthaler ya ƙera aka fara aiki da shi a New York a 1886, ya hanzarta aikin ƙwarai, domin yana zuba layi guda cur a lokaci ɗaya. Sai dai madannansa 90 ne kacal. Harafin da bai samu gurbi a cikin waɗannan 90 ba, sai an yi odarsa ta musamman, kuma sai ma'aikaci ya saka shi da hannu duk inda ya zo a layi. A wancan zamani harafi kaya ne, yana da nauyi, yana da farashi, yana kuma hawa jirgin ruwa.

Cikin wannan duniya boko ya shigo. Hausa ta daɗe tana da rubutun ajami, wanda alƙalami da tawada suka wadatar. Da Turawan mishan da na mulki suka fara rubuta ta da haruffan Latin, irin su J. F. Schön da ya wallafa nahawunsa a 1862, sai suka ci karo da sautukan da babu su a harsunansu. Maganin farko shi ne amfani da abin da maɗaba'a ta riga ta mallaka, wato ɗigo a ƙarƙashin harafi ko alamar ɗauri a gefensa. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, a lokacin ƙugiya ba ta zo ba tukuna.

A 1926 aka kafa wata cibiya a Landan domin nazarin harsuna da al'adun Afirka, kuma masanin harshe Bajamushe Diedrich Westermann yana cikin jagororinta. Cibiyar ta ba da shawarar cewa kowane sauti ya samu harafinsa na kansa, a rage dogaro da ɗigo, domin ɗigo yana da sauƙin mantuwa ga mai rubutu da sauƙin gogewa a wajen bugu. A cikin shekarun 1930 ne aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun Hausa, daidai lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ke fitar da littattafai irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a watan Janairun 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, sannan Kamfanin Gaskiya a 1945.

Ta fuskar harshe, ƙugiya ta fi ɗigo inganci. Ta fuskar sana'ar bugu kuwa, ta ɗora wa Hausa wani haraji da Ingilishi ba ya biya. Duk maɗaba'ar da ke son buga Hausa bisa ƙa'ida sai ta mallaki waɗannan haruffa na musamman, ƙanana da manya, a kowane girma. Wadda ba ta da su, sai ta buga hakanan.

Biro a gefen tafireta

Gida na biyu ya fi na farko ƙunci. Tafiretar ofis tana da madannai arba'in da 'yan kai, kuma waɗanda suka cika ofisoshin gwamnati da makarantu an ƙera su ne domin Ingilishi ko Faransanci. Akawun da aka ba shi wasiƙar Hausa yana da zaɓi biyu: ya buga ba ƙugiya, ko ya gama bugawa ya ɗauki biro ya bi layi-layi yana lanƙwasa kan kowace k da d da b da ta cancanta. A nan ne idon jama'a ya fara sabawa da Hausa marar ƙugiya a takardun hukuma, har abin ya daina zama abin mamaki.

Masana ba su zauna ba. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya yi ƙoƙarin daidaita rubutun wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Duk da haka wani ɗan bambanci ya wanzu har yau: Nijar tana rubuta ƴ, Najeriya tana rubuta 'y. A shekarun 1980 kuma Cibiyar Harsuna ta Ƙasa a Najeriya ta ɗauki aikin samar da jerin haruffa 33 da za su wadatar da harsunan ƙasar baki ɗaya, bisa shawarar masaniyar harshe Kay Williamson. An zana zubin a tsakiyar shekarun, da taimakon Hermann Zapf na Jamus, ɗaya daga cikin fitattun masu zana haruffa na ƙarni na 20. Aiki ne mai kyau, amma ya zo a ƙurarren lokaci. Kafin ya bazu, kiɗa ya riga ya sauya.

Qasa, xaya, vangare

A watan Janairun 1984 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar Macintosh. A 1985 abubuwa uku suka haɗu: na'urar bugu ta LaserWriter, harshen PostScript na kamfanin Adobe wanda John Warnock da Charles Geschke suka kafa a 1982, da manhajar PageMaker ta kamfanin Aldus. Daga ranar, mutum ɗaya a kan tebur ɗaya yana iya tsara shafin da a da sai maɗaba'a mai ma'aikata da yawa. CorelDRAW, wadda ta fito daga Kanada a 1989, ita ce daga baya ta zama uwar ɗakin shagunan buga kati da kalanda a Najeriya.

A wannan sabon gida harafi ya rasa nauyinsa. Ya koma bayanin lissafi na layuka da lanƙwasa, wanda za a iya ƙara wa girma ko a rage ba tare da sabon zubi ba, a kuma kwafe shi a faifai cikin daƙiƙa. Da an ce matsalar ƙugiya ta ƙare ke nan. Sai dai wani sabon shinge ya bayyana, shingen lamba.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, ya ware lambobi 128 ga haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomin rubutu. Da aka faɗaɗa gurbin zuwa 256, sai haruffan Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da makamantansu suka cinye ƙarin. Babu lambar da aka ware wa ƙ.

Masu buƙata suka nemi dabara. Tunda Hausa ba ta amfani da q da x da v, ana iya buɗe zubi, a goge hoton q a zana ƙ a wurinsa, a mayar da x ta zama ɗ, v ta zama ɓ. Wasu kuma suka zaɓi madannan baka da sauran alamomin da ba a cika taɓawa ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zubin Hausa masu ƙugiya, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, kuma irin wannan aiki ne ya ba marubuta da ɗalibai da maɗaba'u damar buga Hausa bisa ƙa'ida a kwamfuta, a lokacin da manyan kamfanonin manhaja ba su san da buƙatar ba.

Dabarar ta yi rana, amma tana da iyaka da ba laifin kowa ba ce. A ido ana ganin ƙasa, a cikin na'ura kuwa qasa aka ajiye. Muddin takarda aka nufa, babu matsala. Da zarar an tura rubutun zuwa kwamfutar da ba ta da wannan zubi, ko aka ɗora shi a intanet, sai asiri ya tonu: qasa, xaya, vangare, ko kuma }asa da ]aya. Har yau akwai kundayen digiri da maƙalu masu yawa da ke zaune a wannan hali, kuma wanda ya nemi kalmar ƙasa a cikinsu ba zai same ta ba, alhali tana nan a kowane shafi.

Rajistar haruffan duniya

Maganin asali ya fito ne daga wasu injiniyoyi na kamfanonin Xerox da Apple, cikinsu har da Joe Becker da Lee Collins da Mark Davis, waɗanda suka fara tunanin ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin. Wannan shi ne Unicode, wanda kundinsa na farko ya fito a watan Oktoban 1991. Haruffan Hausa masu ƙugiya suna cikin waɗanda suka samu lamba tun a farkon tafiyar.

Yadda aka raba musu masauki yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Ana rubuta lambobin Unicode da haɗin alƙaluma da haruffa. Manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ, tare da ƙaramar ƙ mai lamba 0199 da kuma ƴ, an sa su a rukunin ƙarin haruffan Latin. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa, masu lamba 0253 da 0257, sun faɗa rukuni na gaba, na alamomin masana furuci, domin masana sun riga sun ɗauke su a matsayin alamun sautukan haɗiya. 'Yan gida ɗaya, an sauke su a unguwa biyu.

Unicode rajista ce kawai. Tana ba da lamba, ba ta zana hoto. Idan mai zana zubi bai zauna ya zana ƙ ba, na'ura za ta san cewa ƙ ake nufi amma ba ta da abin nunawa. A nan take yin ɗayan biyu: ta aro harafin daga wani zubi na daban, wanda shi ne ke haifar da siririyar ƙ a tsakiyar kanu mai kauri, ko kuma, idan babu inda za ta aro, ta ajiye awara.

Shekarun fari a intanet

Shafukan intanet na farko ba su da haruffan kansu. Mai tsara shafi yana iya ambaton sunan zubin da yake so, amma sai idan zubin yana cikin kwamfutar mai karatu zai bayyana. A 1996 Microsoft ta raba wani ƙaramin jeri kyauta, wanda ya ƙunshi Arial da Times New Roman da Comic Sans, da kuma Verdana da Georgia waɗanda Matthew Carter ya zana musamman domin karatu a fuskar kwamfuta. Sama da shekaru goma, kusan duk intanet da waɗannan 'yan ƙalilan aka rubuta ta. An tanade su ne domin harsunan Turai, har da Girkanci da Rashanci, kuma bugunsu na wancan lokaci ba shi da ƙugiya. Shi ya sa shafukan Hausa na farko, har da na manyan kafofin yaɗa labarai, suka koma ga tsohuwar al'adar tafireta, ko dai k' da d' da b', ko kuma a bar su tsirara.

Hanyar fita ta kasance a rubuce tun 1998, lokacin da ƙa'idojin CSS na tsara kamannin shafi suka tanadi wani umarni mai suna @font-face, wanda ke ba shafi damar aika wa mai karatu zubinsa tare da rubutun. Abin da ya hana shi aiki ba fasaha ba ce, tsoron sata ne. Kamfanonin da ke sayar da haruffa sun ga cewa duk zubin da aka aika wa burauza, an aika wa ɓarawo. Shekara goma ana wannan ja-in-ja, masu zane kuma suna ɗaukar hoton kanun labari su liƙa a shafi, abin da ke ƙara wa shafi nauyi, ya kuma ɓoye rubutun daga injin bincike da manhajar da ke karanta wa makafi.

Ƙullin ya kwance cikin shekaru uku. Burauzar Safari ta karɓi umarnin a 2008, Firefox ta bi sahu a 2009. A shekarar ce Jonathan Kew da Tal Leming da Erik van Blokland suka gabatar da WOFF, wata hanyar matse zubi domin intanet wadda kamfanonin haruffa suka iya haƙura da ita. Typekit ta fara ba da hayar haruffa a 2009, Adobe ta saye ta a 2011. A watan Mayun 2010 kuma Google ta buɗe rumbunta da zubi 18, duka kyauta. Yau rumbun ya haura iyalan haruffa 1,500.

Takardar da ta buɗe ƙofa

Tambayar ita ce, daga ina Google ta samu haruffan da za ta raba kyauta ba tare da shari'a ba? Amsar tana komawa ga wata ƙungiya da ba ta da alaƙa da kasuwar zane. SIL, wadda William Cameron Townsend ya kafa a jihar Arkansas ta Amurka a 1934, ƙungiya ce ta Kirista da ke nazarin ƙananan harsuna, aikin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da fassarar Littafi Mai Tsarki. Ma'aikatanta sun daɗe suna fama da irin matsalar akawun tafireta a ɗaruruwan harsuna, don haka suka shiga zana haruffa da kansu. Daga wurinsu Doulos da Charis da Andika suka fito, haka ma Gentium, wanda Victor Gaultney ya zana a lokacin karatunsa a Jami'ar Reading ta Ingila aka kuma sake shi a 2002. Dukkansu suna ɗauke da haruffan Hausa cikakku.

A 2005 Gaultney da Nicolas Spalinger suka rubuta lasisin da ake kira OFL a taƙaice. Sharuɗɗansa kaɗan ne. Kowa yana iya amfani da zubin, a aikin kuɗi ko na kyauta. Kowa yana iya gyara shi, ya ƙara masa haruffa, ya raba wa wasu. Ba a yarda a sayar da zubin shi kaɗai ba, kuma duk abin da aka gina a kansa dole ya ci gaba da zama ƙarƙashin wannan lasisi. Mafi yawan abin da ke cikin Google Fonts a yau da wannan takarda aka sake shi.

Ga harshe irin Hausa, sharaɗi na biyu shi ne babba. A zamanin dalma, ƙara harafi yana buƙatar maƙera. A zamanin PageMaker, yana buƙatar taɓa dukiyar wani kamfani, sau da yawa ba da izininsa ba. Ƙarƙashin OFL, duk wanda ya iya zane yana da haƙƙin buɗe zubi da manhaja irin FontForge, wadda ita ma kyauta ce, ya zana ƙugiyar da ta ɓace, ya miƙa gyaran ga masu kula da zubin domin kowa ya amfana.

Unguwa biyu, sakamako ɗaya

Ko a cikin wannan yalwa, tsohon rabon masauki na 1991 ya dawo ya yi cizo. Domin kada shafi ya yi nauyi ya cinye wa mai karatu data, Google tana yanka kowane zubi gida-gida, burauza kuma ta sauke yankin da shafin ke buƙata kawai. Shekaru da dama, yankin ƙarin haruffan Latin yana tsayawa ne a lamba 024F. Ƙaramar ƙ da manyan haruffan uku suna ciki. Ƙananan ɓ da ɗ, masu 0253 da 0257, suna waje da 'yan taku kaɗan. Sakamakon shi ne, ko da mai zana zubi ya yi aikinsa ya zana su, ba sa isa ga mai karatu. Kanun da aka rubuta da manyan haruffa ya fito lafiya, jikin labarin kuma ya cika da ɗ ta aro. Sai daga baya aka faɗaɗa iyakar ta haɗa da rukunin masana furuci. Babu wanda ya yi niyyar cutar da Hausa a nan. An ja layi ne a ɗakin da babu mai karanta ta.

Google ɗin ce kuma ta ɗauki nauyin aiki mafi girma na yaƙi da akwatin. Tare da kamfanin Monotype ta gina iyalin haruffa mai suna Noto, sunan da aka gutsuro daga jimlar Ingilishi mai nufin babu sauran tofu. Da aka yi shelarsa a watan Oktoban 2016, bayan kimanin shekaru biyar ana aiki, an ce ya wadatar da harsuna fiye da 800. Ya haɗa da rubuce-rubucen da aka ƙirƙira a Afirka ta Yamma, irin su N'Ko na Solomana Kante, wanda ya shiga Unicode a 2006, da Adlam na Fulfulde, wanda 'yan'uwa biyu Ibrahima da Abdoulaye Barry na Gini suka ƙirƙira, ya kuma shiga a 2016.

Ajami ma ya samu rabonsa. Zubin Larabci da aka saba gani a kwamfuta yana bin hannun gabas ne, alhali almajirin ƙasar Hausa ya tashi da hannun da ke sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Unicode ta ware wa waɗannan siffofi lambobinsu a 2016. SIL ta fitar da Harmattan domin ajamin Afirka ta Yamma, da kuma Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano mai kauri da aka sani a allo da bugaggun littattafan kasuwa. Duka biyun suna cikin Google Fonts. A 2024 kuma rumbun ya karɓi ayyukan masu zane 'yan Najeriya, irin su Ojuju na Chisaokwu Joboson, da Danfo, wanda aka ɗauko fasalinsa daga rubutun jikin motocin haya na Legas.

Abin da ya rage

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. A watan Janairun 2022 wata kotu a birnin Munich na Jamus ta umarci mai wani shafi ya biya diyyar Yuro 100, saboda shafinsa yana ɗauko haruffa kai tsaye daga na'urorin Google, ta haka kuma adireshin intanet na mai ziyara yana isa ga kamfanin ba da yardarsa ba. Kuɗin kaɗan ne, amma hukuncin ya tuna wa masu gina shafuka cewa lasisin OFL ya ba su damar sauke zubin su ajiye a nasu masaukin. Mai yin haka ya kare sirrin baƙinsa, kuma shi ke yanke shawarar haruffan da za a aika da waɗanda za a bari.

Manhajojin da suka sauƙaƙa zane ga kowa, irin su Canva da ta fito daga Ostareliya a 2013 da Figma da ta buɗe ga jama'a a 2016, sun gaji wannan tarihi dukkansa, da alherinsa da giɓinsa. Jerin haruffansu cakuɗe ne na zubin da aka zana domin duniya da waɗanda aka zana domin Turai kaɗai, kuma sunan zubi ba ya nuna wanne ne wanne. Gwajin da ke raba gardama bai wuce minti ɗaya ba: a rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ tare da alamar naira, a duba su a siriri da mai kauri da na gicciye, kafin a fara aiki. Shafin Wakamai Fondue yana nuna duk haruffan da ke cikin zubin da aka ɗora masa, Hyperglot na kamfanin Rosetta kuma yana lissafa harsunan da zubi ya wadatar. Tsofaffin rubuce-rubucen qasa da xaya su ma suna da magani, ta hanyar umarnin nemo da musanyawa, muddin an kula da sunayen baƙi da ke da q ko x ko v na gaskiya.

A 1939, buga ƙ ɗaya bisa ƙa'ida yana buƙatar gurbin tagulla da aka yi odarsa daga ƙetare. A 1975 yana buƙatar akawu mai haƙuri da biro. A 1998 yana buƙatar zubi na musamman a kwamfutar mai rubutu da ta mai karatu. A yau haruffan takwas suna da lamba, suna da hoto a ɗaruruwan zubi, suna kuma kan madannan waya ga wanda ya zaɓi Hausa a saitinsa. Abin da ya saura daga gidajen baya shi ne sabo: idon da ya shekara hamsin yana karanta kasa a wurin ƙasa, da mai ba da aiki da zai mayar da fasta saboda launi bai yi masa ba, amma ya karɓe ta da hannu biyu alhali sunan garinsu ba ƙugiya.